Jijiya Uku, Suna Ɗaya: Tarihin Gano Yadda Tsoka Ke Motsa Jiki

A bakin Bahaushe kalma guda ce ke ɗauke da abubuwa uku waɗanda ko kusa aikinsu bai zo ɗaya ba. Idan ma'aikacin gidan likita ya ɗaure wa mutum damtse yana laluben inda zai ɗebi jini, sai mu ce jijiya yake nema. Idan mahauci ya ci karo da farin zaren nan mai tauri, wanda ke gagarar wuƙa balle haƙori, sai mu ce jijiya ce. Idan kuma mutum ya buga gwiwar hannunsa a ƙyaure, wani abu ya tsarga masa tun daga nan har ƙaramin yatsa, nan ma jijiya muke cewa ya taɓa. Alhali ta farko hanya ce da jini ke bi, ta biyu igiya ce da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, ta uku kuwa manzo ce, ita ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka ta kai wa tsoka, ta kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓi.

Ba mu kaɗai muka zuba su a kwando ɗaya ba. Kalmar da Turawa ke kiran jijiyar saƙo da ita a yau daga mutanen Rum suka gada, kuma a wurinsu ma'anarta ta farko igiyar nama ce, irin wadda ake yin tsirkiyar baka da ita. A Larabci ma kalmar asab ta ɗauki ma'anonin nan biyu. Dalilin a fili yake: idan aka feɗe dabba, dukansu farare ne, dogaye, kuma cikin nama suke kutsawa. Ido ba ya raba su, sai gwaji. Tarihin gano yadda tsoka ke motsa jiki, wanda ya ci fiye da shekara dubu biyu, mafi yawansa tarihin rarrabe waɗannan igiyoyi ne. Batun kuwa ya wuce na malaman harshe, domin a kan rashin rarrabewar nan ne aka daɗe ana shafa wa ƙafar yaro magani, alhali cutar na can cikin laka.

Daga Masar tsohuwar shaida ta fito. Akwai wata takardar likitanci da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Tana ɗauke da bayanin raunuka 48, an jero su tun daga ƙoƙon kai ana gangarowa. A ɗaya daga ciki an siffanta mutumin da ƙashin wuyansa ya goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka mutu, fitsari na zubar masa bai sani ba, marubucin kuma ya saka shi cikin raunukan da ba su da magani. Ya gani, ya rubuta, amma bai faɗi abin da ya haɗa wuya da ƙafa ba.

Aristo, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, duk da tarin dabbobin da ya feɗe, bai ba tsoka wani babban matsayi a sha'anin motsi ba. A ganinsa ƙashi da igiyoyin nama ne ke aikin, kamar yadda ake motsa ƴar tsana da zare, kuma tushen zaren duka a zuciya yake. Sai a ƙarnin da ya biyo baya, a Iskandariyya, sarakunan garin suka yarda wa likitoci biyu, Hirofilus da Irasistratus, su feɗe gawar ɗan Adam, ƙofar da ba ta daɗe a buɗe ba. Hirofilus ya bi sawun wasu daga cikin fararen igiyoyin nan ya tarar ba a zuciya suke ƙarewa ba, a laka da ƙwaƙwalwa suke, ya kuma raba su gida biyu: masu kawo ji da masu kai motsi. Irasistratus shi ne ya amsa tambayar da ta rage, wato mene ne ke bi ta cikinsu. Ya ce suna da rami, wata iska mai laushi ce ke bi ta ramin ta hura tsoka, kamar yadda yara ke hura mafitsarar rago ran Sallah. Idan ta kumbura sai ta gajarta, ta ja ƙashi.

Kada mu yi saurin yi masa dariya. Kowa ya lanƙwasa hannu ya dubi ƙwanjinsa zai rantse cewa wani abu ne ya shiga ciki. Mutanen Rum da suka ga yadda yake gudu a ƙarƙashin fata, ƙaramin ɓera suka kira shi, kuma daga nan sunan tsoka a Faransanci da Ingilishi ya samo asali. Bayanin hura iska ya yi kusan shekara 1,900 yana mulki.

Sai ga Jalinus. An haife shi a 129 miladiyya a Fargamun, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, kuma yana ɗan shekara 28 aka ba shi aikin jinyar mayaƙan nan da ake gwara su a fage don nishaɗin jama'a. Ta raunukansu ya fara leƙa cikin jikin mutum mai rai. A Rum, inda ya yi suna, ba a feɗe gawar mutum, don haka ya duƙufa kan birai da aladu da shanu. Abu biyu ya kafa waɗanda har yau ba su girgiza ba. Na farko, tsoka aiki ɗaya ta sani, shi ne ja. Ba ta tura komai. Saboda haka kowace gaɓa sai da kishiyoyi: ta gaban damtse ta ja, hannu ya lanƙwashe, ta baya ta ja, ya miƙe. Ko ɗan dambe da ke kai naushi, wanda muke gani kamar turi, tsokokin ƙirji da kafaɗa da bayan damtse ne ke ja. Na biyu, tsoka ba ta motsi da ra'ayin kanta. Ya riƙa yanke lakar dabba a wurare dabam-dabam, ya ga duk abin da ke ƙasa da yankan ya mutu, na sama yana nan garau. A gaban manyan gari yakan sa a danne alade yana tsala ihu, ya ɗaure wasu siraran jijiyoyi da zare, ihun ya ɗauke nan take. Ya kwance zaren, murya ta dawo.

Akwai labarin da shi da kansa ya bayar, wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu sake bukatarsa. Wani malami mutumin Sham ya faɗo daga keken doki, bayan haka yatsunsa biyu na ƙarshe da rabin na tsakiya suka daina ji. Likitoci suka yi ta shafa magani a yatsun ba sauƙi. Jalinus ya tambayi yadda abin ya faro, da ya ji cewa mutumin a gadon baya ya bugu, sai ya ɗauke maganin daga yatsu ya mayar saman baya kusa da wuya, inda jijiyoyin hannu ke fitowa. Mutumin ya warke. Ko maganin ne ya ci ko kwanakin warkewa ne suka cika, tunanin dai ya hau: inda ciwo ya bayyana dabam, inda yake zaune dabam. Duk da haka Jalinus bai saki batun iskar nan da ke bi ta ramin jijiya ba, kuma nauyin sunansa ya sa babu wanda ya taɓa shi.

Da ba don Bagadaza ba, da wani kaso na wannan ilimi ya salwanta. Hunainu ɗan Ishaƙ, Kirista mutumin Hira wanda ya rasu a 873, shi da ɗansa da almajiransa suka juya littattafan Jalinus zuwa Siriyanci da Larabci. Shi kansa ya lissafa guda 129. Kashin ƙarshe na babban littafin Jalinus kan yadda ake feɗe jiki ya ɓace a Girkanci, a Larabci kaɗai ya tsira. Ibn Sina, da ya kammala Al-Ƙanun a 1025, ya tsara bayanin jiki daki-daki: ƙasusuwa, tsokoki, jijiyoyin saƙo, sannan hanyoyin jini. A hannun likitocin Larabci kowace igiya ta samu sunanta: asab ga mai kai saƙo, watar ga wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, ribaɗ ga wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Sai dai tsohon ruɗanin bai fita duka ba, don sun ɗauka cewa watar gamin asab ce da ribaɗ da suka ratsa cikin nama suka fito ta ɗaya gefen a murɗe.

Mutum ɗaya a cikinsu ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. A yunwar da ta afka wa Masar wajen 1200, Abdullaɗif al-Bagadadi ya tarar da tulin ƙasusuwan mamata a gefen Alƙahira. Ya duba kawuna fiye da dubu biyu, ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, alhali Jalinus ya ce biyu ne. Ya fifita abin da idonsa ya gani a kan abin da ya karanta. A zamanin da ake ɗaukar maganar Jalinus tamkar yankan wuƙa, wannan ba ƙaramar zuciya ba ce.

Abin da Abdullaɗif ya yi wa ƙashi guda, Andreas Vesalius ya yi wa jiki duka. Malami ne a Jami'ar Padua ta Italiya, kuma a 1543, shi ma yana ɗan shekara 28, ya buga littafinsa kan ginin jikin mutum, wanda a ciki akwai manyan zane-zane 14 na tsokoki, ana ɗaye su hawa-hawa har a kai ga ƙashi. Ya nuna cewa wasu tsokokin da Jalinus ya ba mutum na biri ne ko na kare. Amma Vesalius ya faɗi inda kowace tsoka take ne, bai warware yadda take ja ba. Shekaru ɗari bayansa, René Descartes na Faransa yana nan yana kwatanta jiki da mutum-mutumin lambunan sarakuna, waɗanda ruwa ke bi ta bututu ya motsa su.

Kwaɗo ne ya kashe maganar. A shekarun 1660 wani ɗan Holan, Jan Swammerdam, ya ciro tsokar cinyar kwaɗo tare da jijiyarta, ya saka ta cikin bututun gilashi, ya toshe, ya bar ɗigon ruwa guda a siririn wuyan bututun. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan iska ke shiga tsoka ta kumbura ta, dole ɗigon ya tashi sama. Ya tsokani jijiyar da siririn ƙarfe, tsoka ta ƙanƙance, ɗigon kuwa bai tashi ba, ƙasa ma ya ɗan yi. Ga shi kuma an raba jijiyar da ƙwaƙwalwa, babu ta inda sabuwar iska za ta zo, amma duk lokacin da ya taɓa ta sai tsoka ta amsa. Ashe ƙwanji ba ƙaruwa yake ba: abin da ya rasa a tsawo shi yake samu a kauri. Swammerdam ya rasu a 1680 cikin talauci, ba a buga wannan gwaji ba sai a 1737, don haka tsohon bayanin ya samu ƙarin shekaru hamsin da wani abu da bai cancanta ba.

A daidai lokacin, wani masanin lissafi a Italiya, Giovanni Borelli, ya zauna yana auna ƙarfin da tsoka ke kashewa, aka buga littafinsa a 1680 da 1681 bayan rasuwarsa. Abin da ya gano, duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a fadama zai gane shi da wuri. A jigo, guntun ɓangaren sanda ne ke ɗauke da tulin laka mai nauyi, dogon kuma ke ɗauke da guga. Laka ta motsa kaɗan, guga ya yi doguwar tafiya. Haka jikinmu yake. Tsokar gaban damtse tana kama ƙashi ne santimita huɗu ko biyar daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana can wajen santimita 35. Ke nan idan mace ta riƙe tulu mai kilo 10 a tafin hannu, gwiwa a lanƙwashe, ja na sama da kilo 70 ake bukata don tulun ya tsaya. Kafin Borelli ana zaton gaɓoɓi na rage wa tsoka wahala ne. Ashe asarar ƙarfi ake yi a sayi sauri da nisa. Shi ya sa agara ta zama igiya mafi kauri a jiki, don idan mutum na gudu tana ɗaukar ninkin nauyinsa sau da yawa. Mahauta ma ba su yi kuskure ba da suke rataye naman sa ta wurinta.

To, idan ba iska ba ce, mene ne ke bi ta jijiya? Masuntan kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, da na tabkin Chadi sun daɗe da sanin wani ɓangare na amsar a hannunsu, duk ranar da minjirya ta faɗa taru ta girgiza mutum har kafaɗa. Abdullaɗif ɗin nan ya siffanta irinta a kogin Nilu. Amma sai a Bologna, daga 1780, Luigi Galvani, da taimakon matarsa Lucia, ya lura cewa ƙafar mataccen kwaɗo na harbawa idan tartsatsin lantarki ya tashi kusa da ita, ko idan aka rataye ta da ƙugiyar tagulla ta taɓa shingen ƙarfe. A 1791 ya bayyana cewa dabba na da lantarkin kanta. Alessandro Volta na Pavia ya ce faufau, daga haɗuwar ƙarafan biyu lantarkin ya fito, kwaɗo shaida kawai ya bayar. Don ya kafa hujja, a 1800 ya jera faifan ƙarfe iri biyu da kwali jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, yana kwaikwayon gaɓar wani kifin teku mai girgiza, sai ga batir na farko a duniya. Kowannensu na da rabin gaskiya. Galvani bai ga ƙarshen gardamar ba: ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga gwamnatin da Napoleon ya kafa, aka raba shi da aikinsa, ya rasu a 1798. A shekarun 1840 Emil du Bois-Reymond a Balin ya kama saƙon lantarkin jijiya da na'ura, daga baya ma har minjirya aka kai masa da ranta daga Afirka ta Yamma. A 1850 abokinsa Hermann Helmholtz ya auna saurin saƙon a jijiyar kwaɗo, ya samu wajen mita 30 a sakan guda. Abin da ake cewa ya fi ƙiftawar ido, ashe yana da sauri da za a iya rubutawa a takarda.

Guba ce ta nuna abin da ke faruwa a mahaɗar jijiya da tsoka. Mafarautan Amurka ta Kudu suna shafa wa kibau wani dafi da ake kira kurare, wanda ke sa dabba ta yi laushi ta faɗi. A shekarun 1850 Claude Bernard a Faris ya gwada shi a kan kwaɗo, ya ga abin mamaki: jijiya na nan da ranta, tsoka ma idan aka taɓa ta kai tsaye da lantarki tana ja, amma saƙo ba ya ƙetarawa daga wannan zuwa waccan. Sai a 1936 Henry Dale da abokan aikinsa a Landan suka tabbatar cewa bakin jijiya wani sinadari yake fesa wa tsoka, asetilkolin, kuma kurare kujerarsa yake zaunewa. Dafin wasu macizai na dangin gamsheƙa haka yake yi, shi ya sa wanda suka sara fatar idonsa ke fara sauka, magana ta yi nauyi, daga bisani tsokar numfashi ta tsaya alhali yana cikin hankalinsa. Kwankwanin da maharbanmu ke dafa dafin kibiya da shi kuwa hanyarsa dabam ce, tsokar zuciya yake kamawa.

Saura cikin tsokar kanta. Tun ƙarshen ƙarni na 17 Antonie van Leeuwenhoek ya duba nama da madubin ƙara girma, ya ga sirara-siraran zarurruka masu ratsi-ratsi kamar saƙi. Ma'anar ratsin ta ɗauki fiye da shekara 250 kafin ta fito, kuma kayan amsar a warwatse aka tsinto su. Wilhelm Kühne na Jamus ya tatso wani sinadari daga tsoka ya sa masa suna mayosin a 1864. A 1883 Sydney Ringer a Landan ya ga zuciyar kwaɗo na ci gaba da bugawa cikin ruwan gishirin da mataimakinsa ya haɗa da ruwan famfo, amma tana tsayawa idan an haɗa da tataccen ruwa. Bambancin ɗan kalsiyam ne da ke cikin na famfon. A 1939 a Mosko, Vladimir Engelhardt da matarsa Militsa Lyubimova suka nuna cewa mayosin na fasa ATP, ɗan sinadarin da jiki ke juya abinci zuwa gare shi, tamkar kuɗin kashewa. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a garin Szeged na Hangari, Brunó Straub da ke aiki ƙarƙashin Albert Szent-Györgyi ya ware sinadari na biyu, aktin. Suka yi zare da gamin su biyun, suka ɗiga masa ATP, zaren ya ƙanƙance a gaban idonsu, babu jijiya, babu rai.

Kowa ya zaci zaren ne ke nannaɗewa kamar roba. Ranar 22 ga Mayu, 1954, mujallar Nature ta buga takardu biyu a jere: ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke daga Kambirij, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson da ke aiki a Amurka. Huxley ɗin nan biyu suna kawai ya haɗa su, ba su da dangantaka. Dukansu abu ɗaya suka gani: babu zaren da ke gajarta. Zarurrukan mayosin masu kauri da na aktin sirara a jere suke, suna shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu idan aka sarƙe su, kuma ratsin da Leeuwenhoek ya gani wurin haɗuwarsu ne. Idan tsoka za ta ja, siraran ne ke zamewa su ƙara shigewa cikin masu kauri.

Yanzu muna iya bin hanyar tun daga farko. Ɗan kokowa ya yi niyyar ɗaga abokin karonsa. Saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta laka, ya fita ta jijiya, a bakinta aka fesa asetilkolin. Lantarki ya mamaye zaren tsoka, rumbunan da ke cikinsa suka saki kalsiyam, shi kuma ya ɗage murfin da ke rufe da aktin, murfin da Setsuro Ebashi na Japan ya gano mabuɗinsa a shekarun 1960. Nan take ƴan kawunan da ke jikin mayosin suka kama aktin, suka ja, suka saki, suka sake kamawa gaba, kamar masu jan guga a rijiya mai zurfi, hannu na bin hannu. Kowane ɗaki na wannan saƙa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari huɗu na milimita ba, amma dubbansu ne jere a zare ɗaya, zarurrukan kuma dubbai ne a tsoka ɗaya, tsokokin da ke jikin ƙashi sun haura 600, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin namiji baligi. Mafi yawan abin da aka ƙona a aikin, wajen kashi uku cikin huɗu, zafi yake zama. Shi ya sa gumi ke karyo wa mai noma, shi ya sa kuma jiki ke kama makyarkyata da hunturu don ya ɗumama kansa.

Akwai wani abu a nan da masu wankan gawa suka riga malaman kimiyya sani. Sai da ATP kan mayosin ke sakin aktin. Idan rai ya fita, ATP ya ƙare, kowane hannu sai ya ƙage a kan igiyar da ya riƙe, cikin ƴan sa'o'i jiki ya sandare. Dalilin ke nan da ake hanzarin rufe wa mamaci ido, a ɗaure masa haɓa, a miƙar masa da gaɓoɓi tun jiki na da laushi. Mai girki ma tana da nata sani: ƙirjin kaza fari ne, cinyarta ja-ja, ƙirjin tantabara kuwa ja wur. Louis Ranvier na Faransa ya nuna a 1873 cewa jan nama a hankali yake ja amma yana jure gajiya, fari kuma mai zafin nama ne, mai saurin sarewa. Kaza yini take tana tafiya, tashinta na ɗan tsallake katanga ne.

Mu koma ga malamin nan na Sham da yatsunsa. Sunan da muka ba cutar shan inna ya ɗauko bayaninta a cikinsa: ana cewa Inna ce ta sha jinin ƙafar yaro har ta ƙanjame. Ido ya ga gaskiya, ƙafa ta tsotse. Sai hankali ya tafi ga jijiyar jini da naman ƙafar, aka bi su da shafe-shafe da turare da tsaga. Likitocin Turai ma sun yi nasu lalube. Jakob Heine na Jamus ya siffanta cutar a 1840, ya kuma zargi laka. A 1870 Jean-Martin Charcot da abokin aikinsa a Faris suka nuna cewa ƙwayoyin da ke gaban laka, waɗanda jijiyoyin motsi ke fitowa daga cikinsu, su ne suka lalace. A 1908 a Biyana, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka tabbatar cewa ƙwayar cuta ce. Ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, kuma cikin yara 200 da ta kama, wajen ɗaya ne take kai wa ga shanyewar da ba ta warkewa. Yaron da ta taɓa, idan aka mintsine shi a ƙafar zai yi kuka, amma ba zai iya janye ta ba: jijiyar ji na nan, ta motsi ce ta mutu, rabon nan da Hirofilus ya yi a Iskandariyya. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta rame. Idan kuma ɗaya ta mutu kishiyarta na da rai, mai ran sai ta yi ta ja ita kaɗai har gaɓa ta karkace.

Rigakafin allura ya fito a 1955, na ɗigawa a baki ya biyo baya a farkon shekarun 1960. Da aka dakatar da ɗiga shi a wasu jihohin arewacin Nijeriya a 2003, har Kano ta dawo da shi a tsakiyar 2004, ƙwayar ba ta nemi takardar ƙetare iyaka ba: ta ɓulla a Chadi da Kamaru da Gana da Sudan, ta kai har Indonesiya. Asalin nau'inta an gan shi na ƙarshe a yankinmu a Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana yankin Afirka ya rabu da shi, ko da yake wani nau'in na ci gaba da ɓulla inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci.

Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano, a kan kekunan nan masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Wanda ya lura zai ga kafaɗun wasunsu da damatsansu sun kai na ɗan kokowa cika. Yawan zarurrukan tsokar hannun bai ƙaru da wani abin kirki ba. Kowane zare ne ya tara ƙarin aktin da mayosin ya yi kauri, saboda jijiyar da ke zuwa can ta tsira, tana kai masa saƙo sau dubbai a yini.